Butoci Goma Sha Bakwai

Alhaji Badaru azzalumi ne, ba sai an yi kwana-kwana ba. A gidansa na haya da ke Agege, a Legas, ya toshe tagar wani ɗaki da bulo don ya jingina shago a bayanta, sannan ya cusa 'yan ci-rani goma sha bakwai a cikin ɗakin. Khamisu, magidanci mai dako a kasuwar Ketu, shi ne babbansu. Wata uku ke nan tari na yawo a tsakaninsu.

Da Alhaji ya ji duba-gari na ƙaramar hukuma za su zo, sai ya sa aka kwashe tabarmi da jakunkuna zuwa shago, ya kori kowa ya bar mutum huɗu.

"Ka ce ku huɗu ne," in ji shi ga Khamisu. "Ka ƙara ko ɗaya, yau a ƙarƙashin gada za ka kwana."

Khamisu ba ya son ƙarya, amma damina ce, kuma ba shi da kowa a Legas.

Shugabar duba-garin, Hajiya Zuwaira, haifaffiyar Agege ce. Ta leƙa ɗakin ta ga wayam. Tana fitowa ta tsaya a bakin rijiya, inda butocin alwala suke jere a jikin bango. Duk wayon Alhaji bai tuna da su ba, don kullum a nan suke har ido ya daina ganinsu.

"Malam, ku huɗu ne da buta goma sha bakwai? Lalle kuna shan alwala!"

"Na masallaci ne, Hajiya," Alhaji ya yi caraf.

Ta ɗaga ɗaya. An ɗaura mata jan zare a hannu, ta kusa da ita kuma baƙi, kowacce da shaidar mai ita. Ta dubi Khamisu.

Khamisu ya dubi butar. Ta Sadisu ce, ɗan ɗakinsu wanda aka mayar ƙauye makon jiya yana tarin jini, babu ma wanda ya taɓa ta tun tafiyarsa.

"Ranki ya daɗe, wannan ta Sadisu ce," ya ce. Ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan mai kowacce, har ya zo kan tasa.

Ran nan a tashar mota Khamisu ya shimfiɗa kwalinsa ya kwana.

Hukuma ta garƙame ɗakin, ta rushe shagon, kotu kuma ta ci Alhaji Badaru tara.