Kunyar Barakatu a Bakin Magudana

Sau uku Barakatu ta jefa guga a rijiyarta, sau uku laka ta fito. Ba ta ɗaura mayafi ba, ta ɗauki gugan ta nufi zauren dagaci Gwadabe, ta juye masa lakar a gaban tabarma.

"Ranka ya daɗe, ga ruwan shanmu. Fara kurɓa."

"Haba Inna, gaisuwa fa?"

"Da wane yawun?"

Tun Barakatu tana yarinya fadamar nan ta bayan gari take riƙe ruwan damina, ta riƙa sakin shi a hankali cikin rijiyoyi har rani ya fita. Fulani daga Doguwa nan suke shayar da shanu. Shekarar da gero ya ƙi, da badon fadamar Barakatu ta raya 'ya'ya huɗu. Sai bara dagaci ya ba wani manomi, Balarabe, gefen fadamar, shi kuwa ya haƙa magudana ya kore ruwan zuwa rafi, wai zai shuka gyaɗa. Bana rijiyoyin unguwa tara sun ƙafe, saura tata, ita ma ga abin da take bayarwa.

"A toshe magudanar nan kafin ruwan fari," in ji ta. "In damina ta sake wucewa ta cikinta, baɗi sai mu tashi daga garin."

Gwadabe ya gyara zama. "Inna, kin san al'ada. Ƙasar da fartanya ba ta taɓa ba, ba ta da mai ita. Wa ya taɓa noma fadamar nan?"

"Wanda bai noma ta ba shi ne mai hankali."

Ta taka har Kiru. Kwana biyu tana zaune a ƙofar hakimi, a na uku wani bafade ya ce mata maganar gona ta dagaci ce. Ta dawo ƙafafu a kumbure.

Da safe ta ɗauki fartanyar marigayi mijinta, ta sauka cikin magudanar, ta fara ja da ƙasa tana yin kunya a gicciye, tana dasa gwaza a kai.

Balarabe ya zo da gudu. "Baba, me kike yi a nan?"

"Noma. Ka shuka wani abu a cikin ramin nan? Haƙawa ka yi, ba nomawa ba. To na noma, ya zama nawa. Je ka tambayi dagacinka."

Ya tafi, bai dawo ba.

Kwana shida ta yi kunya biyar. A na bakwai hadari ya haɗo daga wajen Tudun Wada. Ruwan ya cika magudanar, ya tafi da huɗu tana tsaye tana kallo. Ta biyar ta fara tsagewa ta tsakiya. Barakatu ta shiga ruwan har ƙugu, ta jingina bayanta da kunyar, tana ƙwala wa matan unguwa kira da sunayensu ɗaya bayan ɗaya.