Ranar da Baba Dakata Ya Kwanta wa Zomo

Baba Dakata yana tsaye a kan kujerar falo, hannu ɗaya riƙe da wando, ɗayan a sama yana ba zomo umarnin tsayawa. Zomon bai tsaya ba. Ya kwantar da kunnuwa, ya yi ɗan gurnani, ya zabura ya cafki ƙafar kujerar.

"Shekara talatin da biyu ina ba da hannu a mahaɗar titi," in ji Baba Dakata yana haki. "Tirela nake tsayarwa da tafin hannun nan. Kai wane ne?"

Matarsa Hajiya ta leƙo daga kicin da bandeji a idon sawunta. Ta kalle shi sama da ƙasa, ta riƙe haɓa.

"Sauko, jarumi, kada ka karya min kujera. Shekaranjiya ya ciji mai gyaran famfo, jiya ni, yau kai karo na huɗu. Daga kasuwa da kwali zan dawo, in kai shi wurin masu kiwon zomaye. Na gama magana."

Hajiya kuwa in ta ce ta gama magana, to ta gama. Ga shi zomon ba nasu ba ne, na jikarsu ne mai shekara shida. Iyayenta sun koma gidan haya inda aka hana ajiye dabbobi. Ranar tafiya ta ɗora shi a cinyar kakanta, ta ce sunansa Auduga, ta sa tsohon ya yi alkawari sau uku cewa duk Asabar za ta zo ta same shi. Gobe Asabar. Baba Dakata ya gwammace cizo ɗari da ya ga fuskar yarinyar nan a gaban kejin da ba kowa ciki.

Hajiya na fita ya jefa wa zomon tawul, ya cusa shi a kwandon wanki, ya tari bas zuwa asibitin dabbobi. Kwandon ya yi ta tsalle a cinyarsa, har matar da ke kusa da shi ta koma kujerar baya tana salati.

Likitar dabbobi budurwa ce mai fara'a, ba ta wuce sa'ar autarsa ba. Ta duba haƙoran zomon, ta latsa cikinsa, ta ce lafiyarsa lau.

"Baba, nuna min yadda kake tunkararsa."

Baba Dakata ya gyara tsayuwa, ya turo ƙirji, ya cilla hannu sama ya sauko da shi kamar zai tare babur. Har usur ya zaro daga aljihu. Likita ta yi dariya har sai da ta dafa tebur.

"Yi haƙuri, Baba. Ba mugunta ce da shi ba, tsoro ne. A wurin zomo, duk abin da ya sauko daga sama shaho ne. Ka je gida ka kwanta a ƙasa, ka ɗora ganyen karas a ƙirjinka, ka rufe ido. Kada ka motsa, kada ka yi magana. Bari shi ya zo da ƙafarsa. In ya zo ka razana shi, ka koma farko."

"In kwanta? A ƙasa? Ni?"

"Kai fa, Baba."

Da azahar sai ga Baba Dakata shimfiɗe a tsakiyar falo, ganye a ƙirji, ido a rufe. Mutumin da ko gaisuwa ba ya iya yi sai da hannu, yau ya manne hannuwansa a jikinsa. Hanci ya fara ƙaiƙayi. Wani ƙuda mara kunya ya yi yawo a goshinsa, ya huta, ya ci gaba. Baya ya ƙage. Can ƙarƙashin kujera zomon yana buga ƙafar baya a ƙasa, dum, dum, yana shaida wa duniya bai yarda ba.

Kusan awa guda sannan ya ji wani ɗan sanyi a yatsan ƙafarsa. Aka shinshina gwiwarsa. Aka ja bakin rigarsa da haƙori, aka saki. Sai ya ji nauyi mai ɗumi ya ɗare ƙirjinsa, ana taunar ganye ƙurus-ƙurus dab da gemunsa. Da ganyen ya ƙare, wani ɗan harshe ya fara lasar haɓarsa. Daɗi ya kama Baba Dakata har dariya ta taso masa daga ciki, ya danne ta da ƙyar. Ko ranar da aka ƙara masa girma a wurin aiki bai ji haka ba.

A daidai lokacin ƙofa ta buɗe.

Ya ji kwali ya faɗi. Ya ji leda ta fashe, lemu yana gangarawa ko'ina, ɗaya ma ya zo ya daki kunnensa.

"Innalillahi! Malam! Malam!"

Zomon ya sandare a ƙirjinsa. Motsi ɗaya, aikin awa guda ya tashi a banza. Baba Dakata ya ɗaga gira, ya karkaɗa ɗan ƙaramin yatsa, amma ina, Hajiya ta riga ta zube a gefensa tana kuka.

"Tashi, don Allah ka tashi. Da safe fa lafiya na bar ka a kan kujera! Wa zan yi wa faɗa yanzu? Wa zai riƙa tsayar da motoci in zan tsallaka titi, yana ba ni kunya a gaban jama'a? Wallahi daɗi nake ji, ban taɓa faɗa maka ba ne kawai. Shekara arba'in, ko sau ɗaya ban yi da na sanin aurenka ba. Tashi, na bar maka zomon. Wallahi na bar maka, ko goma kake so."

Baba Dakata ya buɗe ido ɗaya. Ta gefen baki, cikin raɗa, ya ce, "Har abada?"

Kukan ya tsaya cak.

Ta kalle shi. Ta kalli guntun ganyen da ya maƙale a gemunsa. Ta laluba ta cire takalminta.

"Hajiya, rufa min asiri, kada ki ɗaga hannu. Likita ce ta sa ni. Dubi, dubi abin da yake yi."

Zomon ya koma lasar haɓar tsohon, hankalinsa kwance, sai ka ce ba shi ne ya addabi gidan mako uku ba. Takalmin ya tsaya a tsakiyar hanya. Hajiya ta buɗe baki za ta zazzaga masifa, sai dariya ta ƙwace mata, ga hawaye bai bushe ba. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Sai ta kwanta a ƙasa kusa da shi, a tsakiyar lemun da ya warwatse.

"Allah ya isa tsakanina da kai, Malam. Ka kusa kashe ni."

"Amma kin rantse."

"Na rantse. Ai shi ke nan, kun ci nasara, kai da ɗan'uwanka."

Suka zuba wa silin ido. Zomon ya sauko, ya zagaya, ya fara shinshinar gefen zaninta. Hajiya ta ɗauke numfashi, amma ba ta janye ba.

"Hajiya," in ji Baba Dakata a hankali, "sauran maganganun da kika yi ɗazu, su ma da gaske ne?"

"Yi shiru, za ka tsorata shi."

Ya yi shiru. Can ya ji hannunta yana tahowa ta ƙasa, a hankali, har ya kama nasa.