Koren Ɗigon Ruud

Ana cikin tafa wa Ruud, Marloes ta ji hannuwanta sun ƙi haɗuwa.

"Ku dubi nan!" in ji Diederik, daraktan kamfanin, yana nuna allon bango, baki har kunne. "Tun Alhamis ɗigon Ruud kore ne. Asabar, Lahadi, ko minti ɗaya bai sauya ba. Shekara hamsin da tara, daga gida yake aiki, amma ya ba ku kunya, ku matasa."

Diederik ba mugu ba ne. Da keke yake zuwa kamar kowa, ba ya manta ranar haihuwar kowa. Shi dai abin da allo bai nuna ba, a wurinsa bai faru ba. Da zuwansa ya soke shan kofi na ƙarfe goma, wanda a da ko a gida kake sai ka leƙo ta bidiyo, in ba a ga fuskarka ba a kira ka. Ya kawo ɗigo: kore in linzamin kwamfutarka na motsi, rawaya in ya tsaya minti uku. Masu yawan rawaya biyu an riga an ƙi sabunta musu kwantiragi. Na Marloes kuwa wata mai zuwa zai ƙare.

Shi ya sa kowa ya koyi ɗora linzami a kan agogon hannu. Hannun sakan na zagayawa, linzami na zaton ana motsa shi. Marloes ce ta koya wa Ruud, da ta ga tsoho har bayi yake tsoron zagawa.

Sjoerd, abokin teburinta, ya raɗa mata, "Tsohon naki ya manta bai cire agogo ba. Ki ja masa kunne, kar ya jawo mana aikin Lahadi."

Sau huɗu ta kira Ruud, ba a ɗauka ba. Lokacin abincin rana ta hau keke cikin yayyafi, ta nufi gidansa a bayan tashar jirgin ƙasa ta garin Zwolle. Tana ta danna ƙararrawa sai maƙwabciyarsa ta fito, wata dattijuwa mai suna Tineke.

"Daga wurin aikinsa kike? Sai yau?" Tineke ta dube ta sama da ƙasa. "Tun Alhamis ya faɗi a kicin, shanyewar ɓarin jiki. Kwana biyu yana kwance a ƙasa. Da ban ga jaridu sun taru a ƙofa ba, da gawa za a ɗauka. Yana asibiti, ko magana ba ya yi. Ku ba kwa cigiyar mutum ne?"

Likita ya ce da an kai shi a ranar, in ji Tineke, da da ƙafarsa zai dawo.

"Kina da mabuɗi?" Marloes ta ji bakinta ya tambaya.

Tineke ta buɗe mata. Kwamfutar Ruud na nan a kunne a teburin cin abinci, kusa da rabin burodi da cuku da ya bushe. Ta ɗaga linzamin, ta zare agogon, ta cusa a aljihu, ta yi wa Tineke godiya ta fito da sauri. Sai da ta kai gada ta taka birki. Ba ta tambayi wane asibiti ba ne. Agogo ta tuna, mutumin ba ta tuna ba. Kunya da tsoron kanta suka kama ta.

Wayarta ta yi ƙara. Diederik ne.

"Marloes, ke ce kusa da Ruud. Na ga ya koma rawaya, yanzu minti goma ke nan. Lafiya kuwa? Ba halinsa ba ne, na damu."

Da gaske kuma ya damu, ta ji a muryarsa. Ta dubi ruwan da ke ƙarƙashin gadar, ta tuna takardar kwantiraginta da ke jiran sa hannunsa.

"Diederik," ta ce, "samu wuri ka zauna. Akwai abin da na koya wa Ruud."