Jinin Zilkiflu a Birnin Ƙanƙara

Da sunan Allah nake farawa. Mutanen da wannan labari ya shafa ba su da yawa, kuma ya kyautu a san su tun daga bakin ƙofa. Akwai Rumasa'u 'yar Malam Haladu, ɗalibar babban digiri a jami'a, mai bincike a kan ƙwayoyin cuta da garkuwar jiki. Akwai yayanta Zilkiflu, tela, wanda ya riga mu gidan gaskiya. Akwai mahaifiyarsu Inna Yalwa, sai Farfesa Barau, malamin da ke duba aikin Rumasa'u. Sauran waɗanda za a gamu da su mutanen mafarki ne, ba su faɗi sunayensu ba.

Zazzaɓin Lassa, wanda ɓera ke kawowa, ya kwantar da Rumasa'u da Zilkiflu a lokaci guda, daga hatsin rumbu guda. Ita ta tashi, shi bai tashi ba. A kan wannan ta kafa bincikenta: me ya sa garkuwar jikin wani take farkawa ta yi yaƙi, ta wani kuwa ta yi shiru? Tun suna asibiti Zilkiflu ya yarda a ɗebi jininsa domin aikin. Aka kashe cutar da ke cikin jinin, aka adana shi a wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba, cikin firinjin ɗakin gwaji mai tsananin sanyi.

Jinin nan gwaji ɗaya kawai zai isa. Idan ya narke ba a mayar da shi cikin sanyi, kuma ƙa'idar wurin ita ce a ƙone duk abin da ya saura. Farfesa Barau ya ce digiri ba zai kammalu ba sai an gwada shi. Inna Yalwa ta ce ko farce da gashi binne su ake yi, balle jini, kuma ba za a ƙona mata ɗa tana raye ba. Rumasa'u ta ce wa Farfesa to, ta ce wa Inna to, ba ta aikata ko ɗaya ba. Tun rasuwar ba ta yi kuka ba. Tana ci, tana salla, tana zuwa aiki, amma kamar wadda aka yi wa allurar kashe zafi a zuciya.

Wata Juma'a Inna Yalwa ta hawo mota daga gida, ta zauna gindin darbejiyar da ke gaban ɗakin gwajin, ta ce ba ta komawa sai da ɗanta. Maza sun tafi masallaci, wurin ya yi tsit. Rumasa'u ta wuni da 'yar masassara. Ta sa safar hannu, ta fito da kwalbar don ta dube ta kawai, ta zauna ta jingina kanta da firinjin. Gurnanin injin ya yi ta shiga kunnenta yana nisa, yana nisa, har ya zama ƙarar ruwa.

Sai ta ga ƙofar firinjin ta zama ƙofar gari. Ta shiga, ta iske fili fari fat, da wani jan kogi da ya daskare yana cikin gudu, igiyoyinsa a tsaye kamar kunyoyin gona. A bakinsa wata tsohuwar ɓera tana zaune ta yafa mayafi, tana tankaɗe garin ƙanƙara.

"Sannu da zuwa, 'yar Haladu," in ji ta. "Na san rumbunku."

"Ke kika kashe shi," in ji Rumasa'u. Ta ji maganar ta fito daga bakinta ba zafi, kamar tana tambayar hanya.

"Ni dako na yi. Ɗan dako ba ya kwance kaya ya ga abin da ke ciki. Bi ni, ki ga wanda ya karɓa."

Suka taka kogin. A ƙarƙashin ƙafarta Rumasa'u tana hango jajayen faya-fayai bila adadin, sun tsaya cak, kowanne da ɗan kayansa a ka. Garuruwa biyu ne a gaɓoɓin kogin, gininsu iri ɗaya. Na dama ganuwarsa ta tsattsage, hayaƙi ya baƙanta ta, amma ana jin dakan mata a ciki. Na hagu kuwa lafiya lau yake, ko ɓurɓushi bai zube ba, sai dai ba motsin kowa.

"Na daman naki ne," in ji ɓerar. "An yi yaƙi a can. Wannan kuwa ba a yi ba."

A ƙofar garin hagu wani ƙaton mai gadi yana zaune, ga ganga rataye a kafaɗarsa, ƙura ta rufe fatarta. A cinyarsa akwai wani baƙo ƙanƙane, ba fuska, ba hannu, lulluɓe da riga mai ƙayoyi.

"Baba mai gadi, me ya hana ka buga ganga?" in ji Rumasa'u.

"Da sallama ya zo, 'yata. Ni ya fara sauka a wurina. Ya ce aron tukunya yake so."

"Ka ba shi?"

"Ba shi da tasa. Ba shi da wuta, ba shi da murhu. A tukunyar masu gida yake dafa 'ya'yansa. Kafin in ɗaga kai, kowane gida a garin nan girkinsa ake yi."

Gangar ta yi magana da kanta, muryarta a dishe: "Ina nan a kafaɗarsa ina jira. Ganga ba ta buga kanta."

Rumasa'u ta duƙa ta dubi baƙon. Shekarunta na karatu duk a kansa suka tafi, yau ga shi a gabanta, ba ta ji ƙiyayya ba, ba ta ji tsoro ba.

"Me muka yi maka?"

"Ban san ku ba," in ji shi. "Ban san kowa ba. Ƙofa kawai na sani."

Mai gadin ya ɗaga ido ya ƙare mata kallo. "Ke ma ai da taki gangar kika zo," ya ce. "Tun da baƙin labari ya sauka a wurinki, kin buga?"

Ta shafa kafaɗarta ta ji igiya. Ba ta waiwaya ta ga abin da ke rataye ba.

Titin garin ya naɗe kamar tabarma, ya ajiye ta a ƙofar wani shago. Zilkiflu ne a ciki, zaune a kan keken ɗinkinsa, ƙafarsa a kan feda, allura ta tsaya a tsakiyar wuyan riga. Raɓa ta daskare a gashin girarsa. Bakinsa kaɗai ke motsi.

"A'a, Likitar ɓeraye! Sai yau?"

"Yaya, kullum ina zuwa. Kullum sai na buɗe na duba ka."

"Ki duba ki rufe. Ko mai bikin da ya kawo ɗinki ba ya yi mini irin wannan sintiri. Ke, sanyi ake yi a nan."

"Inna tana so a binne ka. Farfesa yana so a gwada ka."

"Ke fa?"

Allurar keken ce ta amsa, da 'yar siririyar murya: "Ita so take kada a gama rigar."

Zilkiflu ya yi dariya, ƙanƙara ta zubo daga gemunsa. "Kin ji ko? Ni na miƙa hannu aka ɗiba, ba wanda ya tilasta ni. Na ce ƙanwata za ta yi mini tambaya. Kowa ya sallame ni, ke kin tsare ni a zaure, ba ki ce in shiga ba, ba ki ce in tafi ba."

"Idan na tambaya, ka ƙare."

"Na ƙare tun tuni, Rumasa'u. Kawo hannunki."

Ta kama hannunsa. Sanyi ya ratsa ta har ƙashi, daga baya sai ɗumi ya biyo. Feda ta motsa. Keken ya fara juyawa, rufin shagon ya soma ɗiga, daga nesa ta ji kogin ya tsage da ƙara mai firgitarwa, jan ruwa ya taho yana cin titi.

Firgigit ta farka. Masu dawowa daga masallaci suna hira a waje. Hannunta a dunƙule yake. Ta buɗe shi a hankali: jinin ya narke sarai, yana kai da komo a cikin kwalbar, da ɗumin tafinta a jikinsa. Komawa sanyi kuma babu.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kafa kwalbar cikin kwanon ƙanƙara, ta tuɓe safar, ta wanke hannu, ta fita gindin darbejiya.

"Inna, ya narke."

Inna Yalwa ta dube ta, ta ga fuskar a jiƙe. "To, ai sai a sallame shi."

"Zan yi masa tambaya ɗaya tukuna, shi ya ce in yi. Ragowar kuwa ba za ta ga wuta ba. Ni zan kawo miki da hannuna, ko me Farfesa zai ce."

Tsohuwar ta gyara zama, ta jawo carbinta.

"Je ki," ta ce. "Amma ki bi shi a hankali. Ba ya son a tashe shi da garaje."

Iyakar abin da ya zo mini ke nan. Ni da girmana na koyi riƙe alƙalami, ilmin ƙwayoyin cuta kuwa daga bakin masu shi na tsinta. Duk wanda ya ga na karkace, a harafi ko a bayani, don Allah ya miƙe mini, ladan gyara nasa ne.