Kitsen da Likita Ta Bari

Ni na matsa wa Yaya har ya yarda a yi masa aikin zuciya. Shi cewa ya yi a bar shi da ƙwayoyinsa, ni kuwa na kafe, na yi ta masifa har ya gaji ya ce to. Saboda haka ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata na san in wani abu ya faru, a wuyana yake.

Mu mahauta ne, ni da shi. Shi ya koya mini riƙe wuƙa. A teburinmu ba a miƙa wa mutum tsoka da kitse yana reto a jikinta. Sai an gyare ta tas, an cire jijiya, an kankare fari-farin nan. Yaya ya sha ƙwace nama daga hannuna ya ce, "Auta, wannan aikin malalaci ne."

To, likitar da ta duba shi tun farko ta faɗa mana cewa maiƙo ne ya toshe hanyoyin jinin zuciyarsa. Za ta ciro wata jijiya daga ƙafarsa ta yi wa jinin sabuwar hanya. Wannan na gane shi sarai.

Da aka gama ta fito, hularta a hannu, ta ce komai ya tafi daidai. Matar Yaya ta zube kan benci tana hamdala. Ni kuwa da shegen bin diddigi na ce ina son sanin yadda jijiyar take. Likitar ta yi murmushi, ta nuna mini hoto a wayarta, sannan aka kira ta ta wuce da sauri.

Wallahi gabana ya faɗi. Jijiya ce doguwa, amma kitse ya lulluɓe ta tun daga kai har ƙarshe, rawaya, ɓul-ɓul. Ko gyara babu. Kai! Mutumin da kitse ya kusa kashewa, shi aka buɗe wa ƙirji aka ƙara wa wani?

Ban faɗa wa matar Yaya ba. Ta miƙo mini ruwa na ajiye shi gefe. Ta ce, "Kai da ka fi kowa baki yau me ya ɗinke shi?" Na ce gajiya ce. Na leƙa ta gilashin ɗakin da aka kwantar da shi, na gan shi shiru, roba a hanci, roba a hannu, na'ura tana ta ƙyafta ido. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba, da haushin kaina. Na kai ɗan'uwana hannun masu garaje.

Washegari da safe na tsare ƙofar ofishinta. Tana zuwa ban ko bari ta ajiye jaka ba.

"Likita, ki yi haƙuri, amma a sake buɗe shi."

Ta tsaya. "A buɗe wa?"

"Yayana. Kin manta ba ki gyare jijiyar ba. Ni sana'ata ke nan, na ga hoton. In lokaci ne ya ƙure muku, ba komai, ɗan Adam ajizi ne, amma a cire kitsen nan tun bai toshe ba."

Na zaci za ta kira masu gadi. Sai ta buɗe ƙofa ta ce, "Shigo, Malam, zauna." Ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Ba mantuwa na yi ba. Da gangan na bar shi, kuma barin ya fi cirewar wuya."

Na yi mata kallon ban yarda ba.

Ta ce, "Kitsen da ya cuci yayanka a cikin hanyar jinin yake, a jikin bangonta, yana rage wa jini wurin wucewa. Wanda ka gani a waje yake. Bari in tambaye ka. In ka zaro jijiya daga dabbar da aka yanka yanzu-yanzu, da ɗuminta, ka kankare ta, yaya take yi?"

Na ce, "Tsukewa take yi. Ta ƙanƙance ta yi tauri."

"Yauwa. Jijiya tana da naman da ke matse ta, yana kuma sakinta. Kitsen da ke kewaye da ita ba zaman banza yake ba, akwai abubuwan da yake tsatsafowa da ke sa ta saki jiki, jini ya wuce a sake. In na feɗe shi sai ta takure, dole in hura ta da ƙarfi kafin ta buɗe, hurawar kuma tana ji mata ciwo a ciki. Ga shi yana tare ta kada ta lanƙwashe."

Ikon Allah. Abin da idona ya gani tun ina saurayi, ban taɓa tambayar dalili ba.

Na ce, "Ke nan kitse alheri ne?"

Ta yi dariya ta dubi cikina. "A'a, kar ka je ka ce ni na faɗa. In ya yi yawa a jiki shi ma lalacewa yake, ya daina lallashin jijiyar ya koma takura mata. Wannan tumbin naka ma zan so mu yi magana a kansa."

Na ja riga na rufe abina. Kunya ta kama ni, amma wani sanyi ya sauko mini tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Na ba ta haƙuri ya fi a ƙirga, ta ce in je, Yaya ya farka, an ma cire masa robar hanci.

Na same shi a jingine, matarsa tana goge masa fuska. Yana ganina ya ɓata rai.

"Auta, ƙirjin da sauƙi. Ƙafar nan ce kamar an zuba mini garwashi."

Ban san sanda dariya ta kuɓuce mini ba. Mutumin da ke ƙorafin ƙafa ai ya dawo. Na zauna bakin gado na kwashe labarin duka na faɗa musu, har da cewa a sake buɗe shi. Matarsa ta riƙe haɓa tana salati.

Yaya ya juyo gare ni. Muryarsa a dishe ya ce, "Wato da kai aka ba wuƙar, da ka kashe ni da tsafta."

Ya so ya yi dariya, ɗinkin ya hana shi, sai ya lalubo hannuna ya matse. Hannun da ɗumi, da ƙarfinsa kuma. Na kifa goshina a kai na yi kuka, ƙato da ni, ban damu da wa ke kallo ba.