Hancin Surukata

Ranar Laraba mai kamfaninmu, Rustam-aka, ya kira ni ofis ya ce baƙin da muke yawo da su sun gaji da manyan masana'antun giyar inabi masu shagon tsaraba a bakin ƙofa. Ya ce in hau tsaunukan Parkent in nemo masa ƙananan gidaje uku da ba a san su ba, in haɗa da wurin cin abinci inda ba a rubuta sunan komai da Turanci. Mu huɗu ne a kamfanin da mota biyu, wanda aka ce ya je shi zai je.

Da na gaya wa matata Feruza, sai ta ce faɗuwa ta zo daidai da zama, mahaifiyarta na son zuwa wajen ƙanwarta a Zarkent, in sauke ta a hanya.

Na ce, "Feruza, gidajen giya fa zan shiga."

"To ka sauke ta tukuna, sannan ka shiga."

"In ta tambayi inda za ni fa?"

"Ka ce gonaki za ka duba. Ai ba ƙarya ka yi ba."

Shekara shida da aurenmu, ban taɓa zaman minti goma da surukata Mukaddas mu biyu kaɗai ba. Abin da na sani game da ita bai wuce uku ba: ta yi aiki a gonar gwamnati tun zamanin Soviet, ta yi ritaya, bara waccan kuma ta sauke farali, tun daga nan farin mayafi bai bar kanta ba. A gabanta ko sigari ban taɓa ambata ba, balle giya. Ina ce mata Oyijon, wato Mama, kamar yadda 'yarta ke cewa, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba, sai dai Kuyov, mijin 'ya.

Ranar Asabar da safe muka bar Tashkent, ana tsakiyar tsinkar inabi. Da muka iso mararrabar Zarkent na rage gudu zan karya kwana, sai ta ce, "Miƙe."

"Oyijon, ai nan ne hanyar."

"Ƙanwata tana Fargana wajen 'yarta tun watan jiya."

"To ina zan kai ku?"

"Inda za ka. An ce gonaki za ka duba, ni ma na yi kewar gonaki."

Na miƙe.

Gida na farko a takardata sabon gini ne mai shuɗiyar ƙofa. Na tsaya nesa kaɗan, na ce mata motar ta yi zafi, bari in shiga in roƙo ruwa. Ta gyaɗa kai tana jan carbi.

Mai gidan, Ilhom, ƙato ne mai haƙorin zinariya. Yana jin sunan kamfaninmu ya zaunar da ni, ya jera kofuna uku, ya shiga ba ni labarin sirrin da ya gada daga kakansa. Na ce tuƙi nake, harshe kawai zan jiƙa. Na ɗaga kofin farko ke nan na ji murya a bayana.

"Kuyov, wannan ruwan za ka zuba wa motar?"

Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Amma kafin in sami abin cewa, na lura ba ni kaɗai na daskare ba. Ilhom ya miƙe tsaye, hannu a ƙirji, kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

Ya ce, "Mukaddas Karimovna. Ashe kuna nan."

"Ina nan, ban mutu ba. Kai ne ɗan Nabi mai tarakta ko?" Ta karɓe kofin daga hannuna. "Na bar ɗanɗanawa tun da na dawo daga Makka. Ba zan sha ba, shaƙa kawai zan yi."

Ta kai shi hanci sau ɗaya ta ajiye.

"Buhun sukari nawa ka zuba?"

"Wallahi ko cokali..."

"Ilhom."

"Biyu."

"Ilhom."

"Huɗu. Bana rana ba ta yi ba."

"Bana rana ta ƙone min tumatir a baranda. Da wuri ka tsinke, halin ubanka. Kakanka kuwa kankana yake nomawa, ban san sirrin da ya bar maka ba."

Ilhom ya rako mu har mota da kwandon inabi, yana ta godiya, ban san ta mece ce ba.

Sai da muka hau titi ta yi magana. Ashe shekara talatin da ɗaya ita ce shugabar ɗakin gwaji a ma'aikatar giyar gonar gwamnati. Duk amalanken inabin da aka tsinka a wannan kwari sai ya bi ta ƙarƙashin hancinta kafin a karɓa.

"Feruza ta ce a ofis kuke."

"Ofis ne mana. Akwai tebur."

Labari ya riga mu zuwa gida na biyu. Muka tarar da ƙofa a kulle, an manna takarda an rubuta sun tafi biki, ga hayaƙi na tashi daga tsakar gida. Can cikin kurangar inabi wata hula na motsi a hankali. Oyijon ta sauke gilashi.

"Gayrat, na ga hularka."

Hular ta nutse.

"Ƙyale shi," in ji ta. "Ba ya wanke ganga. Daga nan ma ina ji."

Rana ta take, gida biyu sun tafi, littafina babu ko layi ɗaya. Ta ce in bi wani lungu bayan shagon mai faci. Can muka tarar da tanderu a gindin bishiyar goro, wata tsohuwa mai faɗin kafaɗa tana manna somsa, samosar ƙasarmu, a jikinsa, kanta rabi a ciki. Sunanta Salomat. Ta ɗago ta dubi surukata sama da ƙasa.

"Au, har yanzu kina raye?"

"Sai na ci dafa-dukar sadakar mutuwarki tukuna."

Suka rungume juna. Salomat ta juyo kaina. "Wannan ne mijin Feruza? Ba ku ba shi abinci ne a birni?"

Somsar kabewa ce da albasa da kitsen jelar rago, ɓawon yana ƙaras-ƙaras, cikin yana narkewa. Na ci uku na ce alhamdulillahi, Salomat ta ce wato bai yi daɗi ba ke nan. Na ci biyar, ta ce ko gishiri ne ya yi yawa. A ta bakwai na kwance bel a ɓoye. Da na tambayi sunan wurin don in rubuta, ta ce ba shi da suna, in rubuta bayan mai faci.

Muna shan koren shayi ta dubi Oyijon ta gefen ido. "Kin leƙa mutumin naki?"

Surukata ta hau gyaran mayafi. Salomat ba ta jira amsa ba, ta juyo ta ba ni labari. A shekarar tamanin da uku akwai wani shugaban manoma, Tursunboy, da za a maƙala wa lambar yabo. Ranar da manya suka zo daga gunduma, ya shigo da amalankensa an ɗaura wa doki ƙyalle ja, Mukaddas ta ɗauki nono ɗaya na inabi ta shinshina, ta ce a mayar, a gaban kowa. Lambar ta bi ruwa. Tun ranar ba su sake gaisawa ba.

"Kuma a wannan makon ne yake shirin tura iyayensa gidansu neman aurenta," in ji Salomat.

"Inabin bai nuna ba," in ji Oyijon. "Ko na ubana ne sai na mayar."

Na ce ai ba dole ne mu je ba. Ta kife kofin shayinta.

"In giyar kirki aka aike ka nema, duk tsaunin nan gida ɗaya ne. A bikinku wani ya shigo da tulu ɗaya a ɓoye, daga ɗakin mata na shaƙo na gane giyar Tursunboy ce. In ka gaya masa na faɗi haka, ka nemi wata surukar."

Hanyar gidan Tursunboy ba a yi ta don mota ba. A rabin hawa hayaƙi ya turnuƙe daga gaba, wannan karon da gaske motar ta yi zafi. Oyijon ta dube ni, irin kallon da magana ta fi shi sauƙi. Muka ƙarasa da ƙafa, ita a gaba, ni da somsa bakwai a baya ina haki.

Muka same shi a ƙarƙashin rumfar inabi da almakashi a hannu, ɗan siririn tsoho mai farin gemu. Ya daɗe yana kallonta.

"Wani abin kika zo mayarwa?"

"Surukina na rako."

Baƙo dai baƙo ne. Ya zaunar da mu a kan dandamalin katako, aka kawo gurasa da goro da farfesun rago. Sai dai bai yarda ya yi mata magana kai tsaye ba. Ni aka sa a tsakiya.

"Ɗana, gaya wa surukarka ta ci gurasa, in ta ga ta gasu."

"Kuyov, gaya masa gurasar matarsa ce, shi ya sa ta gasu."

"Gaya mata tsufa bai rage mata komai ba."

"Gaya masa shi ya rage masa tsawo."

Haka nake juya wuya dama da hagu ina isar da saƙon da kowa ya riga ya ji, ina kuma tura farfesu a cikin da babu wuri. Can ya tashi ya sauka ɗakin ƙasa, ya dawo da kofin shayi cike da jar giya mai duhu. Ya ajiye a gabana.

"Kai na kawo wa," ya ce, idonsa na wani wajen.

Na jiƙa harshe na ce, "Da daɗi."

Su biyun suka dube ni kamar jaki ya yi tsokaci a kan karatu. Oyijon ta jawo kofin gabanta. Ta shaƙa, ta rufe ido, ta juya shi a hankali, ta sake shaƙa. Na Ilhom daƙiƙa ɗaya ya ɗauka, wannan kuwa har kaza ta zo ta tsinci ɓarɓashin gurasa ta tafi ba ta buɗe ido ba. Sannan ta ajiye.

"Ba laifi."

Tursunboy ya kama hannun rigata. "Me ta ce?"

"Ta ce ba laifi."

"Da bakinta?"

"Kuna zaune ai, Baba."

Ya cire hula, ya duba cikinta, ya mayar. Ya zagaya bayan ɗaki, muka ji yana fyace hanci, sannan muka ji yana cewa a ɗora tukunyar dafa-duka. Matarsa Marhabo ta fito tana goge hannu, ta kama hannun surukata da hannu biyu.

"Allah ya saka miki, 'yar'uwa. Shekara arba'in, duk kaka sai ya tsaya a kan randa ya ce da Mukaddas za ta shaƙi wannan. Da sunanki nake kwana nake tashi. Yau na huta."

Da ya dawo, idonsa jawur, Oyijon ta bari ya zauna tukuna.

"Amma na tamanin da uku bai nuna ba."

"Ya nuna."

"Kwana tara ya rage masa."

"Biyar."

"To ka ga ka yarda."

Daga nan ba su sake buƙatata ba. Suka yi ta musu kai tsaye a kan ruwan saman wannan shekarar da wanda ya aro dokin, har dafa-duka ta sauka. Na ci. Ban san inda ta shiga ba.

Da la'asar na samu na gabatar da abin da ya kawo ni. Tursunboy ya ce a'a, baƙi suna taka masa kuranga, suna ɗaukar hoto da jakinsa ba izini. Na yi ta lallami, Marhabo ta sa baki. Daga ƙarshe ya ce sau ɗaya a mako, mutum shida, kuma shi ba zai yi wa kowa bayani ba, sai dai wadda ta san abin ta zo ta yi.

"Ni ina da aiki," in ji Oyijon.

Na yi ƙarfin hali. "Wane aiki, Oyijon?"

"Sa ido a kan yadda kake riƙe min 'ya." Ta ja carbinta. "Alhamis ba ni da komai."

Rustam-aka bai ji daɗi ba da na kawo masa gida ɗaya maimakon uku, da wurin cin abinci marar suna, da suruka. Bayan fita biyu ya daina ƙorafi, yanzu ma in ya kira wayata ita yake fara tambaya. Duk Alhamis tana gaban mota da carbinta, baƙi shida a baya, ni ina tuƙi ina tafinta. Salomat ta ƙara tanderu na biyu.

Makon jiya wani Bafaranshe mai gyale a wuya ya daɗe yana juya kofinsa a rumfar Tursunboy, sannan ya ce yana jin ƙamshin busasshen zabibi da hayaƙi, can ƙasa kuma da ɗan ƙamshin tsohuwar fata. Ya roƙe ni in tambayi Hajiya ko ta yarda. Na fassara mata. Ta shaƙi kofin, ta shaƙi iskar da ke gefensa.

"Zabibin da hayaƙin ya yi gaskiya. Fatar kuwa, gaya masa jakarsa ce."

Na juya na ce masa ta yarda da kusan duka. Ya ji daɗi ƙwarai, har ya rubuta a littafinsa.