Amshin Waƙar Gwaggo Dije

Ranar da aka raba musu takardar sharuɗɗan kammala karatu, sau uku Lailatu ta karanta ta a cikin gbaka, ƙaramar motar hayar da ke mayar da ita gida unguwar Adjamé ta birnin Abidjan. Shekararta ta ƙarshe ke nan a makarantar koyon kiɗa da wasan kwaikwayo. Kowane ɗalibi zai rubuta kundi mai shafi sittin, wanda suke kira memuwar, sannan ya gabatar da wasa na minti ashirin a gaban malamai uku. Akwai kuma sharaɗin da aka ja wa layi a ƙasa: duk wanda za a ɗauki muryarsa don bincike, sai ya sa hannu a takardar amincewa mai hatimin makaranta kafin a kunna na'ura. Abin da aka ɗauka babu takardar ba za a karɓa ba, ɗalibin ma yana iya asarar shekarar.

Lailatu ba ta sha wahalar zaɓen abin da za ta yi rubutu a kai ba. Yayar mahaifinta, Gwaggo Dije, tana zaune a unguwar Biafra cikin yankin Treichville, tana sayar da kayan yaji a kasuwa. A zamaninta ita ce zabiyar matan Hausawan Abidjan. Biki ko suna, in ba a kifa ƙwarya a bahon ruwa Dije ta ba da waƙa ba, mata kan ce ba a yi taro ba. Waƙoƙin kuwa nata ne, a nan ta ƙirƙire su, kan matan da suka biyo mazansu daga Damagaram da Katsina, suka ƙarasa tafiyar a jirgin ƙasa, suka sauka a garin da ba su jin yarensa.

Malamin da ke duba aikin Lailatu, Misye Kouadio, ya ji daɗin batun. Ya ce ta cike fom ɗin neman takardar amincewa, ta fara babin farko kafin hatimi ya fito. Ta cike, ta miƙa a ofis.

Wata Lahadi bayan azahar ta haye gada zuwa Treichville don ta nemi yardar Gwaggo da baki. Ta same ta a ƙofar ɗaki tana tsince barkono a faifai. Gidan na haya ne, ɗaki goma sha biyu kewaye da tsakar gida ɗaya, igiyoyin shanya sun gitta ko'ina.

Bayan gaisuwa Lailatu ta yi bayani, rabi da Hausa rabi da Faransanci, domin a unguwar 220 Logements aka haife ta, inda aka fi yin Faransanci, Hausarta kuma ba ta da ƙarfi. Gwaggo ta saurara har ta gama, sannan ta kece da dariya.

"Wato yanzu kiɗan ƙwarya ma sai an je makaranta? Mu da aka ce mun lalace saboda shi?"

"Gwaggo, in ba a rubuta ba, ɓata zai yi."

"To, Allah ya ba da sa'a. Zinariya! Fito da bahon nan."

Zinariya maƙwabciyarta ce, tsohuwa siririya, ita kaɗai ta rage a Abidjan cikin matan da ke yi wa Dije amshi. Ta fito tana mita, ta ce gwiwarta na ciwo, amma ta cika baho da ruwa, ta kifa ƙwarya. Gwaggo ta ture faifan barkono, ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauki 'yan sanduna biyu.

Lailatu ba ta taɓa jin irin wannan muryar daga bakin Gwaggo ba. Tsohuwar da ke magana a hankali saboda haki, ita ce ta cika tsakar gidan. Matan gida suka bar wanki suka tsaya. Ta yi waƙar jirgi, tana kiran tashoshi ɗaya bayan ɗaya da sunayen matan da suka sauka a kowace, Zinariya na amsawa: "Jirgi ya tsaya, ba mu san gari ba." Ta yi ta damina, wadda amshinta ke cewa: "Ruwa gaba, ruwa baya, ina za a shanya wanki?" Mata suka yi ta dariya. Ta yi wata ta ban tausayi kan wadda ta haihu babu uwa kusa. Lailatu na fahimtar kalma ɗaya, biyu su wuce ta.

Can tsakiya Gwaggo ta tsaya shan ruwa, ta dube ta.

"Ke 'yar nan, ba kin ce za ki ɗauka ba? Ina wayar taki?"

"Tana cikin jaka, Gwaggo. Sai takarda ta fito. In na ɗauka yanzu ba za su karɓa ba."

"Wace takarda kuma?"

"Wadda za ki sa hannu cewa kin yarda."

"Ba ga ni na yarda ba?"

"Doka ce. Sati biyu kawai, zan dawo da na'urar makaranta, ta fi waya kyau."

Gwaggo ta ɗaga kafaɗa, ta ci gaba. Har aka kira sallar la'asar tana yi. Waƙa goma sha ɗaya Lailatu ta ƙirga.

Hatimin bai fito a sati biyu ba. Mai sa hannun ya yi tafiya, da ya dawo kuma aka ce ta manta ba ta rubuta kwanan wata a shafi na biyu ba. Ta gyara. Cikin wannan lokaci tana fama da babin farko, ga gwajin wasan ajinsu kullum da yamma, ba ta leƙa Biafra ba. Sati na biyar, ranar Alhamis da safe, aka miƙa mata takardar. Tana fitowa daga ofis wayarta ta yi ƙara. Mahaifinta ne, Ibrahimu.

"Laila, kina ina? Ki same ni a asibiti. Gwaggonki ta faɗi a kasuwa."

Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce. Hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana kuma ta tafi. Bayan kwana tara aka mayar da ita ɗakinta. Tana gane mutane, tana bin su da ido, amma in ta buɗe baki sai sauti ɗaya ke fita, "aa, aa," sai ta juya fuska bango.

Lailatu ta daina zuwa makaranta kwana goma. Kullum da safe tana Biafra, ita da Zinariya suna yi wa Gwaggo wanka, suna ba ta koko da cokali. Abin da ke cin ta shi ne wayar tana cikin jakarta ranar, cajinta cike. Babu dokar da ta hana ta ɗauka don kanta, ta ajiye. Tunanin ne kawai bai zo mata ba, don a lokacin kallon aikin makaranta kawai take yi wa waƙoƙin.

Misye Kouadio ya kira ta ofishinsa. Ta faɗa masa komai.

"Da kin kira ni ranar, da na ce ki ɗauka, mu san yadda za mu yi da takarda daga baya," in ji shi.

"Ban kira ba."

"Kina iya sauya batu. Akwai sauran wata huɗu."

"Ba zan sauya ba, Misye."

Ta koma wajen Zinariya da na'ura da wata takardar. Tsohuwar ta dangwala yatsa ba gardama, amma ta gaya mata gaskiya.

"Ni amshi na sani, 'yata. Shekara talatin ina bayanta, amma abin da take faɗa kullum sabo ne. Yau ta kira wannan suna, gobe wancan. Ni dai ina jiran wurina in shiga."

Amshi goma sha ɗaya suka samu cif. Na baitocin Gwaggo kuwa, tsakanin abin da Zinariya ta tuna da abin da Lailatu ta riƙe, layi bakwai kawai suka haɗa, biyu ma ba su da tabbas a kansu.

Ko waɗannan bakwai ɗin, makaranta ta ce sai mai waƙar ta amince kafin su shiga kundi. Ibrahimu ya ce a kawo tawada ya dangwala mata yatsa, a wuce wurin. Lailatu ta ce a'a. Ta zauna a bakin katifa ta fassara wa Gwaggo takardar layi layi da Hausarta mai tuntuɓe. Da ta gama ta ce, "Gwaggo, na yi sake. Ki yafe mini. In kin yarda, ga tawada." Gwaggo ta dube ta. Sannan ta ɗago hannun hagu a hankali, ta miƙa babban yatsa.

Wata guda kafin ranar gabatarwa, Jabiru, ɗan Gwaggo da ke kasuwanci a Damagaram, ya zo ya tafi da mahaifiyarsa. Ya ce ba zai bar ta a ɗakin haya hannun maƙwabta ba. Babu wanda ya ga laifinsa.

Ranar gabatarwa da ƙarfe goma na safe, malamai uku suka zauna bayan dogon tebur. Ibrahimu na kujerar baya da hularsa a gwiwa. Lailatu ta kifa ƙwarya a baho, Zinariya na gefenta cikin sabon zane. Ta fara kiɗa. Inda ya kamata zabiya ta ba da waƙa, sai ta bar kiɗan ya tafi shi kaɗai daidai tsawon baitin, sannan su biyu su shigo da amshi. Haka suka bi waƙoƙin duka. Inda suke da layin Gwaggo, Lailatu ta rera shi. A waƙa ta tara muryar Zinariya ta karye, ta rufe fuska da gyale, Lailatu ta ƙarasa ita kaɗai.

Wata malama cikin ukun ta ce wasan ya taɓa ta, amma kundin bincike yana buƙatar matani, layi bakwai kuma ba matani ba ne. Ta tambaya me ya sa ba a ɗauki muryar mawaƙiyar ba. Lailatu ta ba da amsa yadda abin ya faru, ba ta ɗora wa kowa ba. Malaman suka fita suka yi shawara, suka dawo suka ba ta maki goma sha uku cikin ashirin. Ta ci, amma ba ta kai makin da ake buƙata don shiga karatun gaba ba.

Suka sa Zinariya a tasi zuwa Treichville, ita da mahaifinta suka hau gbaka. Kusa da Adjamé, Ibrahimu ya yi gyaran murya.

"Waƙar jirgin nan," ya ce, yana kallon taga. "In ta zo tashar ƙarshe, sunan innarmu take kira. Ina ƙarami nakan ji daga zaure."

Lailatu ta juyo da sauri. "Baba, me take cewa a kanta?"

Leɓunansa suka fara motsi. Ya rufe ido ya gwada, ya sake gwadawa.

"Wallahi ya tafi, Laila. A lokacin kunya nake ji a ce yayata zabiya ce. Ficewa nake yi."

Motar ta tsaya, suka sauka.

Gwaggo Dije ta rasu a Damagaram cikin watan Safar, ba ta sake yin magana ba. Lailatu ta samu aikin koyar da kiɗa a wata makarantar firamare a Adjamé. Zinariya na nan a Biafra, gwiwar ta hana ta fita, kuma duk ranar Asabar Lailatu kan haye gada ta yi mata cefane.